Ɓarawon da Na Haska a Bango

Shekara shida na yi ina bin motar majigi ƙauye-ƙauye a ƙasar Katsina, ni ne mai bayani. Hoto yana motsi a jikin farin ƙyalle, ni ina gefe da lasifika ina gaya wa jama'a abin da suke gani: ga yadda ake haƙa masai, ga yadda ake tsinkar auduga, ga manyan gwamnati suna gaisawa. Bakina ne ya samo mini aikin, shi ne kuma ya raba ni da shi. Wata rana na gaji da zancen masai, na saka wa wani babba da ke cikin hoton maganar da bai yi ba, jama'a suka yi ta dariya, labari ya kai ofis. Ban roƙi kowa ba. Na ɗauki jakata na koma gida Jibiya, 'yan shekaru kafin mulkin kai.

Ban koma hannu rabbana ba. Wani Bature mai duba rijiyoyi zai bar ƙasar, ya sayar mini da 'yar na'urarsa ta ɗaukar hoto mai motsi. Wani ake yi mata kamar agogo, ta yi ɗan gudu, kafin mutum ya gama naɗa rawani ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. Zaren fim ɗin daga Kano ake sayo shi, in ka ɗauka sai ka aika ta gidan waya a wanke a ƙasar waje, ka zauna wata biyu ba ka san abin da ka yi ba. In ya dawo kuma guda ɗaya ne tak, ba shi da ɗan'uwa. Don in sayi zaren da zai kai tsawon labari guda, na sayar da gonar da na gada a Farfaru. Burina in yi majigin da ba na gwamnati ba, namu, mai labari, in sayar wa wani ɗan kasuwa na Maraɗi da ke da injin haskawa yana yawo da shi garuruwan ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin.

Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Labarin a kaina yake: ɓarawo ya saci sa, ya ƙetare da shi iyaka, aka bi sawu aka kamo shi. Sai in tara mutane gindin tsamiya in ce, kai ne mai sa, ka tashi da safe ka ga turke wayam, yi abin da za ka yi. Mai san wani Bafulatani ne abokina, ya ara mana baƙin bijiminsa, ya kuma iya ɗora hannu a ka fiye da yadda na roƙa. Masu bin sawu har sun yi mini yawa. Ɓarawo ne na rasa, kowa na taɓa sai ya ce in nemi wani, shi yana da surukai.

Da na rasa mafita sai na tafi wajen taubashina, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana". Ko a gaban baƙi ne sai ya ce, "Bawana, ɗauko mini buta." Ni kuma in ce masa ubangidan da ba shi da wandon kirki. Tsakanin taubasai ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sana'arsa dillancin shanu a kara, kasuwar dabbobi, kuma shi ne mai masaukin makiyayan da ke zuwa daga ƙetare. Mutum zai koro shanunsa daga bayan Maraɗi, ya kwana gidansa, ya bar masa su ya koma, sai wata kasuwar ya zo ya karɓi abin da aka sayar. Babu takarda, babu sa hannu. Jarinsa duka shi ne a ce wane ba ya cin amana, kuma shekara goma sha biyar ya yi yana tara wannan.

Na ce masa, "Duk garin nan na duba, ba fuskar da ta yi kama da ta ɓarawo kamar taka."

Ya yi dariya. Ya ce, "Bawana, abin ga naka, baƙina za su gan shi?"

Na ce, "Tsoro kake ji? To bari in gaya wa gari ubangidana ya tsorata da akwati."

Da wannan na kama shi, kuma na san da shi zan kama shi. Abin da har yau ke damuna ke nan, tambayar da ya yi ta kirki ce, ni na mayar da ita wasa don kada ya sami hanyar ƙi.

Ranar da muka ɗauki satar, a bakin gulbi, ban gaya masa yadda zai yi ba. Shi ya san kayansa, don ya sha bin sawun ɓarayi saboda baƙinsa. Ya zagayo ta inda iska ba za ta kai wa san ƙamshinsa ba, ya miƙa masa kanwa a tafin hannu, ya ɗaure masa baki da tsumma, ya rataya reshen geza a ƙugu yana jansa a baya don ya share sawu a yashi. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sau uku muka yi, saboda na'urar tana tsayawa a tsakiya, kowane karo mai san ya karɓi igiyarsa ya sake miƙa masa suna ƙyaƙyatawa. Ranar ƙarshe muka ɗauki kamun ɓarawon, sannan na jera su duka, mai sa da ɓarawo da masu bin sawu, suka riƙe hannu suna dariya, don kowa ya gane wasa ne.

Bayan wata biyu gwangwanayen zaren suka dawo. Na bi su ɗaya-ɗaya ina ɗagawa a hasken taga. Na ƙarshen baƙi ƙirin ya dawo, babu komai a ciki. Laifina ne, na tuna ranar na buɗe na'urar da gaggawa a bakin zaure, rana ta shiga ta ƙone shi. Ba kamu, ba jerin dariya. Kuɗin wani zaren babu, baƙin bijimin ma an riga an sayar da shi an yi kudu da shi. Na zauna da reza da ɗan ruwan liƙi na yanke na haɗa abin da ke hannuna, labarin ya ƙare a inda ɓarawo ya haye gulbi da sa ya ɓace. Na ce wa kaina ba komai, abin da ya rage zan cike da baki.

Mutumin Maraɗi ya zo da injinsa don ya ga kaya kafin ya saya. Ni na zaɓi ranar, jajibirin kasuwa, don ina son taro. Ban tsaya na tuna cewa ranar ce duk makiyayan ƙetare suke kwana a gari ba. Bayan magariba muka haska a bangon wani sito mai farar ƙasa. Mutanen gari suka cika gaba, da yawansu sun ga lokacin da ake ɗauka, suna ta nuna junansu. Makiyaya suka zauna can gefe guda da sandunansu a kan gwiwa.

Da fuskar taubashina ta cika bangon, tana waiga dama da hagu, gari ya ɗauki shewa. Daɗi ya kwashe ni. Maimakon in ce wasa ne, sai bakin nan nawa ya ce, "To jama'a, ga mugun nan, ku dube shi da kyau, ku da kuke ba shi ajiya." Tsokana ce ta taubasai, duk ɗan Jibiya ya gane. Sai da na juya na ga gefen makiyaya ba wanda ya motsa. Waɗannan mutane ba su taɓa ganin majigi ya nuna abin da ba a yi ba. Gwamna na gaske suka saba gani, da allurar shanu ta gaske, ni da bakina na shekara shida ina ce wa irinsu abin da kuka gani haka yake. Wani tsoho a cikinsu, dogo mai farin gemu, ya miƙe tun hoton bai ƙare ba, mutum biyar suka bi shi. Na san shi. Tsohon baƙon taubashina ne, kuma bara waccan jan bijiminsa ya ɓace daga turken gidan, aka yi nema har aka gaji, ya ce ya bar wa Allah.

Na shiga cewa wasa ne, wasa ne, amma lokacin ɓarawo ya riga ya haye gulbi, bango ya yi fari.

Da safe na je kara na tsaya daga nesa. Rumfar taubashina, wadda a ranar kasuwa ba ka samun wurin tsugunawa, mutum biyu ne a ciki. Tsohon ya kwance shanunsa tun asuba ya kai wa wani dillali. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya ce ɓarawo. Magana ɗaya ce ke yawo a ƙasa-ƙasa, an gan shi a majigi. Na ƙarasa wajen taubashina na yi sallama, ina jiran ya zage ni in sami sauƙi. Ya tashi ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, ina kwana? An tashi lahiya?" Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba.

Shi kuwa mai saye abin ya yi masa. Ya ce in kawo masa gwangwanin bakin iyaka a Magama ranar Alhamis, a can zai biya. Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Na san inda injinsa ke zuwa, Ɗan Isa, Madarunfa, Tibiri, duk ƙauyukan da baƙin taubashina suke fitowa. Abin da baƙi talatin suka gani a Jibiya, ƙasa guda za ta gani. In kuma ban sayar ba, ba gona, ba aiki, ga iyali.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗaure gwangwanin a bayan keke, na fito na sami taubashina a ƙofar gida da nasa keken.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Ciniki ba dillali, Malam? Mutumen ga ya hi ka wayo, cutar ka zai yi. Mu tahi."

Na so ya tsaya, na rasa bakin da zan hana shi. Muka hau hanya.

Iyaka a lokacin ba wani abu ba ne, itace ne a gicciye, da bukkar ma'aikata, da inuwar wani babban gawo inda kowa ke jira. Mai saye ya shimfiɗa tabarma kusa da motarsa. Can gefe kuma, kamar an shirya, ga tsohon nan da ragowar shanunsa yana jiran takardar wucewa gida. Ya ga taubashina, ya sa yaransa suka matsar da shanun baya. A hankali ya yi, amma kowa ya gani.

Mai saye na ganinmu ya washe baki. Ya ce, "A'a, har da ɓarawon kun ka zo? Madalla."

Taubashina ya gaishe shi, ya zauna tsakaninmu kamar yadda dillali ke zama. Kafin a fara na ce ina da sharaɗi, ni zan riƙa bin injin ina bayani, in gaya wa mutane wasa ne.

Mai saye ya ce, "Ina da nawa mai bayani. Kuma wa ya ce maka za mu ce wasa ne? Ɓarawon Jibiya da na'urar Ingilishi ta kama, shi za mu ce. In ka ce wasa, ko tamma guda ba mai ba ka."

A gaban mutumin da ake magana a kansa ya faɗi haka, yana ɓare goro. Na tashi, na zaro wani ƙunshi daga aljihu, guntayen zaren da na yanke na zubar, inda mai sa ke miƙa igiya suna dariya. Da su na kwana a raina, na ɗauka su ne hujjata. Na tafi wajen tsohon na durƙusa.

Na ce, "Baba, don Allah duba nan. Ga mai san da kansa yana ba shi igiya. Ni na ce su yi, wasa ne."

Ya karɓa, ya ɗaga sama wajen rana, ya kanne ido ɗaya, ya juya shi sama da ƙasa. Kowane hoto a zaren bai kai farcen yatsa ba. Ya daɗe, don mutum ne mai adalci, ya so ya gani. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗana, ban ga komi ba sai ɗigo-ɗigo. Wancan na bango kuwa na gane shi sarai."

Na ce, "Baba, bijiminka ja ne. Namu baƙi ne, kowa ya sani."

Ya ce, "Cikin majigi akwai ja?"

Babu kuwa. Jan sa da baƙin sa duk ɗaya suke fita a bango.

Ya ce, "Kuma reshen nan da ya ja a baya. Ran da nawa ya ɓace, haka mun ka iske yashi a share. Ni ban ce komi ba, ban kai ƙara ba. Shanuna dai na ɗauke."

Na waiga. Taubashina yana jin komai, bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, zo a yi abin da ya kawo mu, rana tana yi."

Na koma na zauna. Ya kama hannuna na dama, ya kama na mai saye, ya fara aikinsa. Ban taɓa ganin ya yi dillanci kamar na ranar ba. Ya yaba kayan kamar yana yabon saniya mai ciki. Ya ce babu irinsa daga nan har Damagaram, guda ɗaya ne a duniya, ya ce ka ga yadda mutane suka miƙe tsaye, ya ce fuskar ɓarawon kaɗai ta isa ta cika maka fili. Da bakinsa ya faɗi haka, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Mai saye ya taya, taubashina ya ce bai kai ba. Ya ƙara, ya ce bai kai ba. Sai da ya kai shi inda kuɗin zai dawo mini da gonata har da saura. Sannan ya juyo gare ni, don a ƙa'ida dillali ba ya sallamawa, mai kaya ke sallamawa. Kalma ɗaya ta rage, in ce na sallama, ya haɗa hannuwanmu, shi ke nan.

Tafin hannunsa da ke riƙe da nawa ya jiƙe sharkaf. Fuskarsa ba ta nuna komai, hannun ne kawai, kuma ni kaɗai nake jin sa.

Na ce, "Albarka."

Mai saye ya ɗauka jan ciniki ne, ya ƙara. Na ce albarka. Taubashina ya matse mini yatsu, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, tuna da gonarka. Abin da ya ɓaci ya riga ya ɓaci."

Na ce, "Na ji. Albarka."

Mutumin ya tashi yana kaɗe riga, ya ce mun ɓata masa mai da lokaci, ya ce mu mutanen ƙasar Ingilishi ba mu da magana ɗaya. Na mayar masa da abin da ba zan rubuta a nan ba, har wani ma'aikaci ya leƙo daga bukka. Na ɗauki gwangwanina na mayar bayan keke. Tsohon yana kallonmu, ya ga na bar kuɗin. Takardarsa ta fito, aka ɗaga itace, ya kora shanunsa ya wuce. Bai sake sauka gidan taubashina ba har ya mutu.

Ba zan yi ƙarya in ce ƙin sayarwata ya gyara abin ba. Wasu baƙin sun dawo bayan damina, da yawa ba su dawo ba, rumfar nan ba ta sake cika kamar da ba. Ni kuma na shekara huɗu ina noman ƙodago a gonakin mutane kafin in sami abin yi. Gwangwanin ya zauna ƙarƙashin gado, ban sake haska shi ba, zafi ya narkar da zaren ya manne, ranar da na buɗe sai wari mai tsami.

Amma a ranar, a hanyarmu ta komawa, ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne taubashina yana gaba ina baya, bai waigo ba ko sau ɗaya, ni kuma tsoro nake ji, tsoron cewa haka za mu ƙare, yana ce mini Malam har kabari. Akwai wani wuri kafin a shiga gari inda hanya ke faɗawa cikin yashi mai zurfi, dole kowa ya sauka ya tura. Ya sauka. Na sauka. Ya tsaya yana kallon yashin, sannan ya saki kekensa ya faɗi a gabana.

Ya ce, "Ka sa an ce mini ɓarawo, ka kuma hana ni la'adata. Bawan banza. Ɗauki keken ga ka hidda mini shi."

Na jingine nawa, na ɗora nasa a ka. Yashin yana ƙona mini ƙafa, hawaye yana zuba, ba hannun da zan share. Yana biye da ni yana cewa in yi a hankali kada in karya masa fitila.